Daga Tufaniya Zuwa Kwaɗo: Tarihin Sata da Tsaro a Damargu

Duk wanda ya zauna da tsofaffin Damargu ya taɓa jin wannan magana: "Da babu sata." Za su ce maka a zamaninsu mutum yakan bar rumbunsa a bayan gari shekara guda cur ba wanda zai zari ko zangarniya ɗaya, makiyayi ya bar wasakinsa da igiyarsa a bakin rijiya ya bi ruwa da dabbobinsa, bayan wata uku ya dawo ya tarar da su inda ya aje. Mu yaran yanzu mukan yi murmushi, mu ce a ranmu tsoho dai ba ya rasa yabon jiya. To amma maganar ta isa a tsaya a kanta, don kuwa ƙasar nan da ake cewa babu sata a cikinta, ita ce dai ƙasar da littattafan tarihi suka sani da hari da tare ayari. Ta yaya abu biyun za su zama gaskiya a lokaci guda? Amsar da nake gani tana ɓoye cikin kalmomin da muke faɗa kullum, shi ya sa za ku ga ina tsayawa a kan kalma nan da can. Karatuna ke nan, a yi mini haƙuri.

Mu fara da shimfiɗar ƙasar. Damargu tana arewa da Damagaram, kudu da Abzin, daidai inda noma yake ƙarewa kiwo ya karɓa. Tanut ce babban garinta, kilomita wajen 150 daga Zinder a kan hanyar Agadas. Balbeji tana yamma, wajen kwarin Tarka, kuma sai a 2011 aka yanke ta ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Tenhiya kuwa ta fi kowa shiga cikin ƙasar kiwo, inda Buzaye da Fulani Wodaɓe suke yawo da raƙuma da shanu daga wannan rijiya zuwa waccan. Idan ka hau tudu ka duba, ƙauyukanmu da rugagenmu kamar tsibirai suke: rijiya ɗaya, ƴan gidaje ko tantuna kewaye da ita, sannan daji da rairayi na tafiyar yini guda kafin ka sake ganin hayaƙin wani. Ruwa ne yake kewaye tsibirin teku, mu kuma ƙishirwa ce ta kewaye namu. Ba ka shiga ba a gan ka ba, ba ka fita ba ka bar sawu ba.

Wannan kamance ba ado ba ne. Akwai wani ɗan tsibiri a yammacin Sikotlan mai suna Canna, mutanensa ba su kai 30 ba. Suna da kanti na gari wanda ba a kulle shi dare da rana. Ka ɗauki abin da kake so, ka rubuta a littafi, ka jefa kuɗin a akwati. A watan Yuni na 2015 wani ya shiga da dare ya kwashe alewa da biskit da huluna 6 saƙar hannu. Kayan ba su taka kara sun karya ba, amma labarin ya zagaya duniya, masu kula da kantin kuma suka ce ga alama dole su fara kulle shi. Abin da ya ɗaga hankalin mutanen tsibirin shi ne daga ranar kowa zai riƙa kallon duk jirgin ruwan da ya tsaya da wani ido daban. Da za a ba kakannina wannan labari, za su gane shi tun kafin a kai ƙarshe.

Yanzu mu koma baya. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Damargu tare da abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Overweg, cikin ayarin gishiri na Kel Ewey, ƙarƙashin kariyar shugabansu Annur. A Tagelel suka yada zango, inda Annur yake da gonaki da mutanen da suke noma masa, kuma a nan ne Turawan suka rabu, Richardson ya nufi Zinder, Barth ya bi ta Tasawa zuwa Katsina da Kano. Abin da Barth ya gani shi ne ƙasar gero wadda take ciyar da Abzin. Geron Damargu ake ɗora wa raƙuma a kai shi duwatsun Abzin, a wuce da shi Fashi da Bilma a musanya da kantun gishiri da dabino. Ta nan kuma babbar hanyar Kano zuwa Tarabulus ta bi, da fatu da gashin jimina da turkuɗi, da bayi ma, kada mu ɓoye. Manoman da suke zaune, Dagirawa masu jin Barbarci da Hausawa da Bugaje, kusan kowane gari yana ƙarƙashin wani gidan Abzinawa. Ka ba su dammunan gero bayan girbi, su kuma su tsare ka daga sauran ƴan uwansu. Wanda yake kare ka bana, shi ne mai kai wa maƙwabcinka hari baɗi.

A ƙarshen ƙarni na 19 Imuzurag, ƙarƙashin shugabansu Musa, su ne suka fi ƙarfi a Damargu, suna karɓar kuɗin hanya daga ayari, suna ja-in-ja da Kel Ewey waɗanda arzikinsu yake kan wucewar ayarin lafiya. Faransawa suka ci Zinder a 1899, a 1900 suka karya Musa a Tanamari, a 1901 kuma aka auka wa wani babban ayari da ya taso daga Kano a Farak, labarin asarar ya kai har Tarabulus. Shi kansa Kawusan, wanda ya kewaye sansanin Faransawa a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, haifaffen Damargu ne. To ka ga wannan ƙasa ba a taɓa yi mata shaidar kwanciyar hankali ba. Mutane suna kwana da kunne ɗaya a buɗe. Garuruwa da yawa sun zaɓi tudu, wasu sun kewaye kansu da kafi na itace da ƙaya.

Amma ku lura da sunan abin da ake tsoro: hari. Hausa ba ta haɗa hari da sata a kwando ɗaya ba. Hari daga waje yake zuwa, da yawa ake yin sa, a kan raƙumi ko doki, kuma mai yin sa ba ya ɓoye fuskarsa don kunya. Abin da ya samu ma sunansa ganima, kalmar Larabci mai ɗauke da ƙamshin halal. Ana yi wa maharin kirari, ana iya bin sa a rama, ana iya aika dattawa a karɓo wani abu daga cikin dukiyar. Fashi shi ne tare hanya. Ƙwace shi ne karɓewa ido da ido. Sata kuwa ita ce ta dare, ta ɓoye, ta mutum ɗaya, kuma abin da ya sa ta fi muni a idon mutanen da shi ne kusan kullum ɗan gida ne yake yin ta. Wa ya san wane rumbu ne cike, wane ne kango? Da ɗan gari akan ci gari. Don haka idan tsoho ya ce da babu sata, bai ce da babu asara ba. Cewa yake yi haɗarin daga bayan kafi yake fitowa, na cikin kafi kuwa ba a jin tsoronsa.

Ita ma kalmar kafi abin dubawa ce. Shingen itacen da ake kewaye gari da shi kafi ne, layar da malam ko boka yake binnewa a kusurwar gida ko gona ita ma kafi ce. Harshe bai ga bambanci tsakanin katangar da ido yake gani da wadda zuciya take tsoro ba, duka aiki ɗaya suke yi. Yaro ya san gonar wane an kafe ta, in ka ɗebi wake cikinka zai kumbura ko ka kasa gane hanyar fita har gari ya waye a same ka. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, waken dai ya kwana.

To me ya tsare dukiya a cikin gari, tunda ƙofar ɗaki tufaniya ce ko asabari, gidan kuma danga ce ta kara, tantin Buzu ma ba shi da ƙofa sam?

Na farko sawu. Rairayin Damargu littafi ne ga wanda ya iya karatu. Mai bin sawu yana duban ƙasa ya ce wannan raƙumi ne ɗauke da kaya, yana ɗingishi a ƙafar baya, ya wuce kafin raɓa ta sauka, mai jansa kuma takalminsa ya cinye ta gefe guda. A ƙauye mai gida 40 kowa ya san tafin ƙafar kowa. Kuma ɓarawon dabba dole ya shayar da ita, rijiyoyin nan kuwa masu zurfi ne, ba a jan ruwansu sai da raƙumi ko sa ko jaki, kowace kuma da masu ita zaune a bakinta suna tambaya: daga ina, zuwa ina, ɗan gidan wa? Gaisuwarmu mai tsawo da baƙi suke yi wa dariya, rabinta bincike ne.

Na biyu shaida. Raƙumin Buzu yana ɗauke da alamar gidansu da aka ƙona masa da ƙarfe, abin da suke kira ejwal. Saniyar Bafillace tana da yankan kunne, jelgol, wanda yake faɗin zuriyar mai ita. Dabba tana tafe tana faɗin sunan ubangidanta. In ta isa kasuwa kuma ba a sayen ta sai ta hannun dillali, shi kuwa dillali ba ciniki kaɗai yake haɗawa ba, shi ne yake tsayawa a kan cewa mai sayarwa sananne ne. In daga baya aka gane ta sata ce, wuyansa za a kama. Hatta kayan ɗaka suna da fuska. Ƙwaryar da aka ɗinke ta a tsage, turmin da ya dare a baki, tabarmar da wance ta saƙa, duk an san su. Ka saci ƙwaryar maƙwabciya ka kai ta ina? A ina za ka sha fura da ita?

Na uku kunya, kuma ita ce babbar katanga. Ku duba yadda Hausa take kewaye-kewaye kafin ta kira mutum ɓarawo. Sai a ce yana da ɗan hali. Sai a ce yana ɗauke-ɗauke, ko hannunsa dogo ne, ko a ce akwai ɓera a gidan nan. Wannan sassautawa ba don sata ƙaramin abu ce ba. Don kalmar ɓarawo ta yi nauyin da in ta faɗa kan mutum ba shi kaɗai take dannewa ba, har ƙannensa mata sai sun rasa masu neman aure, jikokinsa ma a yi musu gori da ita a dandali. A gari ƙarami ba ka da inda za ka kai fuskarka. Wanda asirinsa ya tonu sau da yawa ba ya jiran hukunci, da asuba ake neman sa a rasa, sai bayan shekaru a ji an gan shi Kano ko Agadas. In kuma an rasa wanda ya yi, akwai rantsuwa da Alƙur'ani a gaban liman, akwai barazanar za a ja Yasin. Sau nawa aka yi shela da yamma cewa gobe za a ja, da safe a tarar da kayan an jefo su ta kan danga?

Akwai abu na huɗu da ba a cika faɗa ba, ni kuwa a ganina ya fi sauran bayyana dalilin da ya sa tsofaffi suke ganin da babu sata: abubuwa da yawa da muke kira sata yau, a da suna da wani suna. Matafiyi ya ratsa gona ya karya kara ya sha, ko ya tsinki kankana ya fasa a nan take, ba ɓarawo ba ne muddin bai cika buhu ba. Bayan girbi mata da yara su bi gona suna tsintar abin da ya zube, wannan kala ce, hakkinsu ne. Abin da aka samu a hanya tsintuwa ce, kuma tana da ƴar uwarta cigiya: mai kaya ya yi cigiya, mai tsintuwa ya fito da ita, a ba shi tukuici. Makiyayin da dabbobinsa suka ƙare, Wodaɓe suna da haɓɓanaye: a ba shi aron karsana ya riƙe har ta haihu, ƴaƴan nasa, uwar ta koma gida. Duk waɗannan ƙofofi ne da aka bar wa mabuƙaci a buɗe don kada ya haura katanga. Malamanmu na zaure ma abin da suke karantarwa cikin fiƙihun Malikiyya, a Risala da sauransu, ya yi daidai da haka: ba a yanke hannu sai kayan sun kai rubu'in dinari, kuma sai an fitar da su daga hirzi, wato wurin da aka tanada don adana su. Sayyidina Umar kuma ya dakatar da haddin a shekarar yunwa. Ashe tun can shari'a tana tambayar ina aka aje kayan, da kuma halin da mai ɗauka yake ciki.

Yunwa ce ta fara gwada wannan gini. A 1913 zuwa 1914 aka yi wadda ake kira Kakalaba, lokacin kuma jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, fataucin hamada yana mutuwa, raƙuman da suke kawo wa Damargu arziki sun rasa kayan ɗauka. A 1931 fara ta cinye amfanin gona a yammacin ƙasar. Bayan wannan ne Faransawa suka matsa da rumbunan ajiya na tilas: kowane magidanci ya zuba wani kaso na geronsa, ba ya taɓawa sai da izinin kwamanda. Ku tsaya ku dubi abin nan da kyau. Mutum da geronsa, da guminsa, ƴaƴansa suna kuka, in ya buɗe rumbun da dare ya zama mai laifi, gardi ya tasa ƙeyarsa zuwa gidan kaso. A nan ne karo na farko hukuma ta shiga tsakanin Badamarge da rumbunsa, kuma a nan ne laifi da kunya suka fara raba hanya. Wanda aka ɗaure don ya ɗebi geronsa ba ya dawowa da sunan ɓarawo, tausayinsa ake ji. Kaso ɗin ma ba tamu ba ce, daga cachot ta Faransanci muka aro ta, kamar yadda muka aro jandarma da kwamanda da gardi.

Sai 1973 da 1974, sai kuma 1984, wadda mutanenmu suka laƙaba wa sunan Buhari don ta zo daidai lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta. Waɗannan su suka karya ƙashin bayan makiyayan Tenhiya da kewaye. Mutane suka ci anza da jiga da ƙarangiya, aka tona gidan tururuwa ana kwashe hatsin da ta tara. Kai, har tururuwa an yi wa sata a shekarun nan. Garken da zai ba da haɓɓanaye ya ƙare, mai ba da aro shi ma nema yake. Mutane suka watse zuwa Tanut, Zinder, Kano, Arlit, Libiya. Waɗanda suka dawo sun dawo da sabon sani: akwai wuraren da ba wanda ya san sunan ubanka. Kuma a idon talaka ne buhunan taimako suka riƙa ɓacewa tsakanin sito da ƙauye, har hakan ya shiga cikin dalilan da Seyni Kunce ya bayar da ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974. Yaron da ya ga babban mutum ya ci buhu 100 ana gaishe shi da rusunawa, da wane baki za ka ce masa tiya ɗaya abin kunya ce?

Duk da haka ni ban yarda da masu cewa halin mutane ne kawai ya lalace ba. Ku dubi kayan da ake sacewa yau a ƙauyukanmu: salula, batir, farantin sola na rijiyar burtsatse, babur, jarkar mai, kuɗin takarda. Wanne ne yake da ejwal a cikinsu? Salula dubu kamarsu ɗaya, ka cire layi ka jefar shi ke nan ta manta mai ita. Ƙwarya ba ta da kasuwa a wajen gari, salula kuwa tana da mai saye a kowace tasha. Sannan ga hanya. Tun da baburan Sin masu araha, irin su Kasea, suka cika ƙasar nan a shekarun 2000, tafiyar yini biyu ta koma ta awa uku. Babur ba ya shan ruwan rijiya, balle masu rijiya su tambaye shi ɗan gidan wa. Mai bin sawu zai bi taya har bakin kwalta, daga nan sai ya tsaya ya riƙe ƙugu, don kwalta ba ta riƙe sawu. Akuyar da aka ɗauke da dare a bayan Tanut tana iya wayar gari a kasuwar Bakin Birji, raƙumi kuma cikin kwana biyu ya tsallaka iyaka a bayan babbar mota ya isa Mai'aduwa ko Maigatari, inda alamar gidanku ba ta ce wa kowa komai. Tsibirin an yi masa gada. Hanyar da take kai mara lafiya asibiti cikin dare ita ce take fitar da akuya, kuma ba wanda zai ce a naɗe kwaltar a mayar.

A nan kwaɗo ya shigo. Ina son kalmar nan ƙwarai. Bahaushe ya ga wani ɗan dunƙulen ƙarfe ya tsuguna a bakin ƙofa, sai ya ba shi sunan kwaɗon tafki. Makulli da mabuɗi namu ne, daga kulle da buɗe, sakata ma tsohuwa ce, don birane irin su Zinder da Kano sun daɗe da ƙyaure da ɗakunan ajiya na fatake. Amma a bakin yaran Nijar yau lakile ka fi ji, wato la clé, kuma wannan yana nuna ta hanyar da abin ya iso ƙauye: ta kanti, ta lakwal, ta ofishin hukuma. Akwatin ƙarfe na amarya ya fara, sai ƙofar langa-langa, sai ɗakin ajiya na ƙasa a tsakar gida, har aka kai ga rumbun da kakanni suke jerawa a bayan gari don gudun gobara yanzu ana jawo shi kusa da ɗakin kwana. Tsoron wuta ya ba tsoron mutum wuri. Na sha ganin kwaɗo rataye a ƙofar da aka kafa jikin dangar kara, wadda ɗan akuya ma zai iya ratsawa. Wannan kwaɗo ba ya hana kowa shiga. Magana yake yi, yana cewa abin da yake ciki hirzi ne, kada wani ya zo gobe ya ce aro ya ɗauka. Kuma wa yake gaya wa? Ba mahari ba, shi ba ya karanta kwaɗo. Maƙwabci yake gaya wa, da ɗan ɗaki, da ƙanin miji. Shi ya sa har yanzu akwai tsofaffin da suke jin kunyar kulle ɗaki a gaban baƙo, sai su jira ya juya baya.

Harin ma bai mutu ba, kaya ya sake. Tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009 wanda a cikinsa mayaƙan MNJ suka shiga Tanut a Janairu 2008 suka tafi da shugaban gunduma, sannan rushewar Libiya a 2011 da zinariyar Jado daga 2014, duk sun zuba bindiga da motoci masu gudu a hanyoyin arewa. Masu tare hanya na yanzu ba a san gidansu ba balle a aika dattawa. Ba zan daɗe a nan ba, don wannan ba ƙaramar sata ba ce, sai dai ya shafi maganarmu ta fuska ɗaya: ya sauya ma'anar kalmar tsaro. A bakin kakata tsaro aiki ne na yara, tsaron gona daga tsuntsaye, tsaron shanya daga awaki. Yau in rediyo ta ce tsaro, soja kake gani da shingen bincike. Muna da jami'an tsaro, matsalar tsaro, rashin tsaro. Muka aro gadi da sintiri da banga daga Ingilishin Najeriya. Kalmar ta tashi daga hannun kowa ta koma hannun masu kaki, su kuwa masu kaki suna Tanut ko Balbeji, tafiyar sa'o'i daga rugar da aka kore wa raƙuma. Kafin mutum ya sayi mai ya je ya kai ƙara ya dawo, kuɗin da ya kashe ya fi na akuyar.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda yake biyan kuɗin wannan sauyi, wato baƙo da yaro. A da baƙo rahama ne, a ba shi ruwa kafin a tambayi sunansa, ko da yake, kamar yadda na ce, za a tambaya. Yanzu in abu ya ɓace, ido yana fara sauka kan wanda ba ɗan gari ba: makiyayin da ya sauka jiya, almajiri, ɗan ci-rani mai jiran mota. Dokar 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta, don haka manomi da makiyayi sun riga sun cika da juna kan ɓarna da burtali. Ƙaramar sata sai ta zama ashana. Akuya ɗaya ta ɓace, a ce Fulani ne, ko a ce Buzaye ne, a ruga kuma a ce Hausawa ne, alhali wata ƙila ɗan gidan ne ya kai ta kasuwa don ya sayi salula. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuma kalmomin sassauci suna ƙarewa. Ɗan hali ya tafi, saura "ɓarawo!" da ake kurmawa a kasuwa, kalmar da in ta fita ba a tambayar rubu'in dinari, ba a tambayar hirzi, ba a tambayar ko ya ci abinci jiya. Yaron da a 1960 za a kira ubansa a yi magana a zaure, yau sanda ce take fara isa gare shi.

Wani abu kuma yana dawowa ta inda ba a zata ba. Samarin fada da suke kwana shan shayi a bakin titi, waɗanda manya suke kira marasa aikin yi, su ne idon unguwa a Tanut da Zinder. Ba mai wucewa da buhu ƙarfe biyun dare ba su gan shi ba. Cigiya ta bar bakin mai shela ta shiga gidajen rediyon ƙauye. Makiyayan da suke da salula kuma sun mai da ita mai bin sawu: raƙumi ya ɓace da safe, kafin azahar hoton ejwal ɗinsa da saƙon murya cikin Tamajak ko Fulatanci ko Hausa sun isa WhatsApp ɗin dillalan Tanut da Balbeji da Bakin Birji, wani lokaci har da na bakin iyaka. Dillalin da ya ga hoton ba zai iya cewa bai sani ba. Wasu ma yanzu suna ɗaukar hoton kowace dabba tun tana ƙarama, gefen dama da na hagu da kunne, su aje a waya, su tura wa ɗan uwa a birni kwafi ɗaya saboda ranar da ita wayar za a sace.